Ranar da Fanka Ta Watsa Littafin Kaka

Ni fa ba wanda ya zaunar da ni ya koya mini aikin buga takardu. A waya na koya, wata tsohuwar waya mai fasasshen gilashi da yayana ya gaji da ita ya miƙo mini. Katin biki na fara haɗawa, sai na suna, sai kalanda mai hoton ango da amarya. Da hannuna ya ɗan faɗa, sai wata mata mai shagon buga takardu a Gwadangaji ta ɗauke ni aiki. Madam kowa ke ce mata. 'Yar Filato ce, ta fi shekara ashirin a Birnin Kebbi, ranar Lahadi kaɗai take rufe shago ta tafi coci. Ni kuwa “ɗana” take ce mini, ko da faɗa za ta yi mini.

Wayyo, lokacin nan ba na jin kira! Duk wanda ya tsaya kusa da ni minti biyu sai ya sha labarin inji. In ga mutum yana rubutu da biro, in ce masa, “Malam, me ya yi zafi? Kawo in buga maka ɗari yanzun nan.” Abokaina har suka fara canza hanya in sun hango ni.

Da wannan zumuɗin na je Argungu wata Talata, gaida kakata ta wajen uwa, da barkar haihuwar da 'yar kawuna ta yi.

Kaka marubuciya ce. Ba ta taɓa shiga aji ba, amma ajaminta in ka gani sai ka ɗauka saƙa ce. Tun ina ƙarami nake ganin tana jiƙa bagaruwa, ta zuba ƙaro, ta bar shi a rana har tawada ta yi baƙi wuluk. Alƙalaminta na kara ne, ita ke fiƙe abinta da 'yar wuƙa. Baƙaƙe da baƙar tawada, wasali da ja. Kuma tana da littafi guda da ba a taɓawa sai an wanke hannu: waƙoƙi biyar na mahaifiyarta, waɗanda ta kwafe da hannunta tun tana goyon fari. Akwai ta wa'azi, akwai ta yankan shinkafa, akwai ta shekarar da gulbi ya cika ya ci gonaki, akwai ta rakiyar amarya, sai ta reno. Littafin ba ɗinki, ba lambar shafi. Takardu ne warwara, arba'in da 'yan kai, a tsakanin kwali biyu, cikin gafakar fata da ta sha hannu har tana ƙyalli.

Na tarar da ita a gindin darbejiya, littafin a cinyarta, ta kai takarda har bakin hanci.

“Maigida, ka zo? Ina cefane?”

“'Yar tsohuwa, ai na sake ki tun bara, ba a gaya miki ba?”

“Ka yi min gata. Miji ba ko sabulu.”

Muka yi dariya, amma na ga dariyar tata ba ta kai ciki ba. Da na matsa mata sai ta faɗa. Ranar Asabar za a yi suna, kuma a gidanmu duk jaririn da aka haifa sai an rera masa waƙar renon nan daga farko har ƙarshe. Ita ke yi. To bana ido ya ƙi. Farkon waƙar na kanta, ƙarshen ma haka, amma baitocin tsakiya sun fara zille mata, ga rubutun ya koma mata kamar tururuwa. Cikin matan gidan kuma ba mai iya karanta hannunta.

Kai, ji na yi kamar an ce ga ranarka!

“Kaka, ba ni littafin! In sa shi a inji in ƙara masa girma, kowane baƙi ya yi kamar ƙwan zabo. In buga talatin, kowace mace ta samu nata!”

“Talatin? Wanga guda rani ɗaya ya ci min, tun daga girbi har ruwa ya sauka.”

“Mu kafin a sauke tukunyar shinkafa mun gama.”

“Awo. Shi ya sa kalandarku ba ta shekara ba ta koɗe ba.”

Sai da na yi ta roƙo, har kawuna ya sa baki, sannan ta ɗaure gafakar ta miƙo mini da hannu biyu. Ba ta saki nan da nan ba.

“Ka ji ni da kyau. Yadda na ba ka shi a jere, haka za ka maido min shi. In ka hargitsa shi, idona ba shi iya gyarawa, kuma ba wani irinai duniya. Juma'a da hantsi in gan ka.”

Na ce ta kwantar da hankalinta, aikin ƙwararru ne.

A mota rungume shi na yi kamar jariri. Muka wuce wajen Zauro, shinkafa ta yi kore shar har iyakar gani, ni ko kallo ban yi sosai ba, ina can ina tsara bango a kaina.

Laraba ba mu samu sarari ba, katunan wani biki suka cinye mu. Alhamis da safe na share babban tebur, na wanke hannu har da sabulu, na fara ɗora takardun a kan injin ɗaukar hoto ɗaya bayan ɗaya. Da na ga shafin farko ya fito a kwamfuta, ƙato, jan wasalin nan na walƙiya, sai da na yi ihu. Madam ta leƙo ta ce, “Kai, wannan hannu! Wa ya yi?” Na ce kakata, ina hura hanci kamar ni na yi.

Abu ɗaya ne ya dame ni. A bayan kowace takarda, can ƙasa a kusurwa, akwai wata 'yar kalma ita kaɗai, a karkace, ba ta cikin layi. Na ce ai wannan gwajin alƙalami ne, irin wanda mutum kan yi in ya dangwalo tawada. Ni da nake son aiki tsaf? Sai na bi su ɗaya-ɗaya a kwamfuta ina gogewa. Har daɗi nake ji, ina cewa na yi wa Kaka shara.

Na yi takarda takwas ke nan aka ɗauke wuta.

Janaretanmu yana wajen gyara. Zafi ya taso. Na ce bari in yi dabara kafin a dawo da ita: na shimfiɗa sauran takardun a kan tebur layi-layi, a jere, don su miƙe, in an kawo wuta sai dai in riƙa ɗauka ina ɗorawa. Na koma baya na dube su, na yaba wa kaina. Abin da ban duba ba shi ne makunnin fankar sama. A lamba ta ƙarshe aka bar ta.

Can wajen azahar sai na ji yaran layi sun ɗauki sowa, an kawo wuta. Ni ma na buɗe baki zan taya su.

Fuuu!

Wallahi kamar an saki tantabaru. Wata ta yi ƙarƙashin firinta, wata ta manne a bango, biyu suka nufi ƙofa, na yi tsalle na cafe su kafin su kai kwata. Madam ta kashe fankar. Muka bi lungu-lungu muna tsinta, na ƙirga sau uku, ba wadda ta ɓata, ba wadda ta yage. Amma ga su nan tuli guda, ba kai ba gindi.

Na zauna a ƙasa dirshan. Ina iya karatun Alƙur'ani bugun inji, amma hannun Kaka irin na da ne, sai in yi minti biyar a kan layi ɗaya, ga tsofaffin kalmomin da ban taɓa ji ba. Waƙoƙin kuma farkonsu kawai na sani, don tun ina yaro kafin ta kai tsakiya na gudu wajen ƙwallo. Gobe Juma'a. Muryarta kawai nake ji: idona ba shi iya gyarawa.

Madam ta jawo kujera ta zauna kusa da ni. Ba ta yi faɗa ba, abin da ya ƙara tsorata ni ke nan.

“Ɗana, ba lamba ko ɗaya?”

“Babu, Madam.”

“Ba yadda za a yi mai wannan hannu ta bar littafi haka. Dole akwai alama.” Ta ɗauki takarda ɗaya, ta juya ta, ta gyara tabarau. “Wannan abin da kake ta gogewa tun safe, mene ne shi?”

“Gwajin alƙalami ne.”

“A kowace takarda? A wuri ɗaya? Kakarka ba ta da tsumma ne?”

Madam ba ta san ko alif ba. Amma mahaifinta ya yi aiki a tsohuwar maɗaba'a, irin wadda ake jera baƙaƙen ƙarfe da hannu, a juye, kuma ta sha zama kusa da shi tana yarinya. Ta ce a can ba karantawa ake yi ba, siffa ake kallo. Ta ce in kawo takwas ɗin farko da ba su watse ba. Ta sa yatsa a kan 'yar kalmar ƙasan ta ɗaya, ta sa wani yatsan a kan kalmar farko ta takarda ta biyu.

“Duba. Mai ƙugiya, da ɗigo biyu, da wutsiya. Nan ma mai ƙugiya, da ɗigo biyu, da wutsiya.”

Na duba ta biyu da ta uku. Haka. Ta uku da ta huɗu. Haka! Ashe kowace takarda tana ɗauke da kalmar farko ta wadda ke bin ta. Abin da na yi ta sharewa da sunan datti, shi ne lambar shafin!

Na miƙe na yi rawa a tsakiyar shago. Madam ta ce, “Zauna, sarkin shara, aiki na nan.”

Muka ɗora wa kowace takarda abu mai nauyi, wannan almakashi, wannan kwalbar gam, har da kofin shayinta. Ita ta riƙe ɗaya ta ce, “Nemo mini mai kama da kwale-kwale da mutum biyu a ciki.” Ni in bi tebur ina dubawa, in na samu in karanta da ƙyar in tabbatar. Wani mai son fotokwafi ya shigo, ya tsaya kallo, ya manta abin da ya kawo shi, har shi ma ya fara nuna mana da baki. Inda waƙa ta ƙare ba kalma a ƙasa, sai ɗan jan kewaye da Kaka ta zana, sai mu san an kai gaɓa. Jerin waƙoƙin biyar kuwa na san shi, tunda farkonsu ne gwanintata.

Kafin la'asar sakaliya mun haɗa komai, sai wuri ɗaya. Takarda biyu suna kiran kalma iri ɗaya, “gulbi”, ɗaya a waƙar amarya, ɗaya a waƙar ambaliya. Kuma takarda biyu sun fara da “gulbi”. Wace ta wace? Na yi ta ƙwaƙwa, tawadar wurin ta ɗan dushe, kaina ya yi zafi. Na ce a raina ai gulbi gulbi ne, na zaɓa.

“Ka tabbata?” in ji Madam.

“Ɗari bisa ɗari. Mu buga talatin.”

“Ɗaya za ka buga. A shagon nan ba a buga talatin sai mai abu ya ga ɗaya.”

Na ɓata rai, amma na bi. Na sake ɗaukar takwas ɗin farko, wannan karon da 'yan kalmominsu. Muka buga a babbar takarda, mai kala don jan wasali ya fito. Na ɗauko abin matse takardu zan danna ta hagu yadda muka saba, na tuna ta dama littafin Kaka ke buɗewa. Saura ƙiris in ƙara wata.

Juma'a da hantsi ina Argungu. A hanya na gama shawara da kaina: ba wanda zai ji labarin fanka. Na miƙa mata gafakarta, ta shafa, ta auna nauyinta a hannu. Sannan na zaro nawa na shimfiɗa mata a cinya.

Ta matso da shi hanci yadda ta saba, sai ta ga ba buƙata, ta mayar da shi baya. Ta sa yatsa a layin farko. Leɓenta ya fara motsi.

“La ilaha illallahu. Maigida, hannuna ne! Ga inda alƙalami ya karce min, ranar da uwarka ta kifar da kurtun tawada!”

Ta shinshina takardar ta ce ba ta ƙamshin komai, kamar ruwan leda. Amma ba ta ɗaga ido daga kanta ba. Matan gida suka taru. Ta wuce wa'azi, ta wuce shinkafa, ta tsallake ambaliya, ta buɗe waƙar amarya don ita ce mai daɗin murya, ta fara rerawa. An yi wa amarya lalle, an sa ta a jirgin ruwa, ƙawaye na guɗa, mai tuƙi ya dafa gora. Ta juya shafi.

“Gulbi ya taso da fushi, ya kwashe duka, bai bar ko kara ba…”

Ta tsaya. Ta koma baya. Ta sake karantawa. Ni kuwa ina neman inda zan shige.

Sai ta fashe da dariya, irin wadda ban taɓa ji ta yi ba, har da riƙe ciki, har da hawaye.

“Jama'a ku zo ku gani! Ya nutsar da amarya! Shekara sittin tana ƙetare gulbin nan lafiya lau, yau jikana ya kifar da ita da ƙawayenta!”

Matar kawuna ta ce, “To su mutanen ambaliya fa?”

Kaka ta lalubo wurin. Ruwa ya shiga gonaki, maza na kuka, an juya shafi, sai ga dangin ango a bakin gaɓa da tuwon shinkafa da miyar kifi suna maraba. Gidan ya kaure. Wata har da zama a ƙasa.

Ba sauran ɓoyo. Na faɗi komai, da tebur, da wuta, da fanka, da sharar da na yi. Da na zo kan gogewar sai ta kama kunnena, ba da zafi ba.

“'Yar rakiya ka kora? Ita ka riƙa hannun 'yar'uwarta ta kai ta gida! Kai kana tsammani iska ba ta busawa zamaninmu? Awaki ba su shiga ɗaki? Ɗiya ba su ɓarna? Don wa munka sa ta?”

Ta tambayi wa ya gane, na ce Madam, kuma ba ta iya karanta ko baƙi ɗaya. Kaka ta jinjina kai ta ce lallai wannan mata da an ba ta alƙalami da ta yi rubutu. Ta sa aka ƙullo mata busasshen kifi da albasa, ta ce in kai mata, kuma kar in taɓa a hanya.

Sannan muka buɗe gafaka. Ta duba a babban bugu ta nuna mini, ni na nemo su a nata, na musanya takardun. Ta sa na bi littafin kaf tun daga farko, ina karanta 'yar rakiya da ƙarfi, ita tana amsawa da kalmar da ke bi. Ba mu samu wani kuskure ba. Ta ɗaure shi, ta sa ƙarƙashin matashi, ta ce ba zai ƙara ganin Birnin Kebbi ba.

Na ce, “To yanzu wa ya ci, injina ko alƙalaminki?”

“Injinka ya ba ni ido, ban musu ba. Amma shi ko amarya ta nutse ko ta ƙetare, bugawa zai yi, har talatin. Ni da hannu nika rubutu, da na kai wurin hannuna zai tsaya.”

Na buɗe baki in kare inji, na tuna da ba don Madam ba da amare talatin na nutsar. Na rufe.

Ta ƙara da sharaɗi. Duk wanda ya kwafi littafi, in ji ta, sai ya rubuta a ƙarshe da hannunsa cewa shi ya kwafa, daga hannun wance, kuma wanda ya ga kuskure ya gyara ya yi masa addu'a. Haka ta yi a nata. Na ce sai in buga wannan ma. Ta ce a'a, inji ba shi neman gafara, mai inji ka nema.

Na koma Birnin Kebbi bayan an sauko daga masallaci. Madam ta ji labarin amarya ta yi dariya har ta kasa buɗe ƙullin kifin. Muka gyara, muka buga talatin, na Kaka babba, sauran madaidaita. Fanka kuwa a kashe, muna ta zufa, ba wanda ya kai hannu ga makunni.

Asabar da sassafe, kafin a raɗa suna, ina tsakar gidan Kaka a kan tabarma da alƙalamin kara a hannu. Ashe abin nan ba ya jin magana! In danna ya malale, in sassauta ya ƙi fita. Layi biyu kacal, amma kafin in gama na goma wuyana ya ƙage. Kaka na gefe tana leƙe, tana cewa rubutuna kamar kaza ta taka tawada ta bi ta kan takarda. Wajen na ashirin ya fara kama da na mutane. Na talatin ta ɗaga shi ta juya, ta ce, “To. Wagga kazar ta fara wayo.”

Da yamma mata suka cika gida. Aka raba littafin, har da masu riƙe shi a juye suna shafa jan wasalin. Aka miƙa wa Kaka jaririyar, babban bugun a buɗe a gabanta. Ta fara waƙar reno. Ina daga bakin zaure ina jira ta iso tsakiya, inda baitocin ke zille mata. Ta iso, ta saukar da ido kan takarda, ta sa yatsa, ta wuce abinta ba ko tuntuɓe. A ƙasan shafi na ga yatsan ya sauka kan 'yar rakiya, ya ɗan tsaya, sannan ta juya.

Jaririyar dai barcinta ta yi tun baiti na uku. Ni ne na tsaya har ƙarshe, karo na farko a rayuwata, da baƙar tawada har gwiwar hannu.